Sunan Akawu a Jikin Bindiga

A shekarun 1950, manomin Amurka da ke son bindigar harbin agwagin ruwa ko zomaye ba sai ya shiga birni ba. Kundin kayan kamfanin Sears na Chicago yana iske shi har gida, ya zaɓi wadda ta yi masa, ya aika kuɗi ta gidan waya, bindiga ta iso. A jikinta an zana J.C. Higgins. Sai dai babu wata masana'anta mai wannan suna.

John Higgins akawu ne, ɗan asalin Ailan, wanda ya kama aiki da Sears a 1898 yana kula da lissafin kuɗi. A 1908 aka ari sunansa aka liƙa wa kayan wasanni, aka cusa harafin C a tsakiya don sunan ya cika baki, alhali shi ba ya da suna na tsakiya. Daga ƙwallo sunan ya bazu zuwa kekuna da kayan kamun kifi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya zama babban tambarin bindigogin kantin.

To wa ke ƙera su? Sanannun kamfanoni ne, waɗanda ke sayar da irinsu da nasu sunan a farashi mafi tsada. Model 20, wadda ake jan katakon ƙasan bututunta baya da gaba don ɗura harsashi, aikin High Standard ce. Wasu na Stevens ne, wasu na Marlin. Masu tara tsofaffin bindigogi suna gane maƙerin ta lambobi uku na farko da aka buga a bututu: 583 High Standard, 101 Stevens, 103 Marlin. Ciniki ne da ya yi wa kowa daɗi. Maƙeri ya samu mai saye da yawa a lokaci guda ba tare da ya karya farashin tambarinsa ba, mai saye kuwa ya samu ƙarfe mai kyau da araha, ko da katakon bai sha ado ba. A ganina abin da Sears ke sayarwa a zahiri shi ne amana, domin manomin da bai taɓa jin High Standard ba ya san kantin zai mayar masa da kuɗinsa in kaya bai yi ba. Abokin hamayyar Sears, kantin Montgomery Ward, ma haka ya yi da tambarin Western Field.

A farkon shekarun 1960 aka fara sauke sunan akawun, aka ɗora na Ted Williams, gwanin wasan besbol na Boston wanda ya shahara da kamun kifi da farauta. Model 200 mai ɗauke da sunansa Winchester 1200 ce.

Harsashin da ya kashe Shugaba Kennedy a 1963 daga bindigar da aka saya ta gidan waya ya fito, ko da yake ba daga Sears ba. Wannan kisa yana cikin dalilan da suka sa dokar Amurka ta 1968 ta hana aika wa mutum bindiga kai tsaye, dole sai ta hannun dillali mai lasisi, kuma daga nan cinikin bindiga ta kundi ya karye.