Ciwon Ƙirji Bayan Shan Maganin Hawan Jini

A Gozaki da sauran ƙauyukan Ƙafur, damina lokaci ne mai wuya ga mai hawan jini. Aikin masara da auduga ya taso. Manomi yana cikin huɗa sai ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ya ce, "Maganin nan ne," ya ajiye ƙwayoyin. Wani lokaci yana da gaskiya. Amma ajiyewar tana iya jawo abin da ya fi ciwon muni.

Waɗansu magunguna, kamar nifedipine da hydralazine, suna buɗe hanyoyin jini. In jinin ya sauka da sauri, sai zuciya ta ƙara bugu domin ta cike gurbi. Mai tsohon ciwon zuciya yakan ji nauyi a ƙirji a lokacin, musamman in sabon shan magani ne, ko an ƙara masa yawansa. A 1995 hukumar binciken ciwon zuciya ta Amurka ta yi kashedi a kan nifedipine mai saurin aiki. Shi ya sa likitoci suka fi ba da mai aiki a hankali.

Propranolol da atenolol kuwa, haɗarinsu yana wajen dainawa. Wanda ya daɗe yana sha, in ya yanke rana ɗaya, zuciyarsa tana iya tashi da gudu har ta kamu da mugun ciwo. Saboda haka kada a bari ƙwayoyi su ƙare kafin a sake karɓowa.

Akwai kuma ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kasuwa, irin su diclofenac da ibuprofen. Suna sa ƙwannafi, suna kuma ta da jini.

In ƙirji ya danne kamar an ɗora dutse, ga gumi da haki, ciwon yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, a ajiye fartanya, a nemi mota zuwa asibiti nan take. Kada a jira gari ya waye. A tafi da kwalin maganin domin likita ya gani.

'Yan'uwa, ƙungiyar da ta iya tara kuɗin taki za ta iya sayen ma'aunin jini guda ɗaya, ta kuma ware kuɗin mota saboda irin wannan rana. A auna kowa a ranar taro. Wanda awonsa ya kai 140/90 sau biyu ko uku, a raka shi asibiti.