HARBIN ZUMA DA RINA: WANI ƘANƘARA TA ISHE SHI, WANI SAI AN RUGA ASIBITI

Yau mun ɗan ajiye zancen soyayya gefe, don lokacin mangwaro da rake shi ne lokacin da zuma ke cika mana tsakar gida, rina kuma ga ta nan ta kafa sheƙarta a ƙarƙashin kwano, a banɗaki, a jikin tagar ɗakin kwana. Kowa ya san zafin harbinsu. Abin da ba kowa ya sani ba, akwai wadda harbi ɗaya tak zai iya raba ta da duniya kafin a gama neman mayafi.

Bari mu fara da mai sauƙin. Zuma in ta harbe ki tana barin ƙarinta a fata, haɗe da 'yar jakar dafi da ke ci gaba da tura dafin ciki. To ki cire shi nan take, da farce ko gefen kati ko duk abin da hannunki ya kai, don wani bincike da aka buga a 1996 ya nuna saurin cirewar ya fi yadda aka cire muhimmanci. Ita rina ba ta barin komai, shi ya sa take iya maimaita miki. Ki bar wurin, domin zumar da ta yi harbi tana sakin wani ƙamshi mai kama da na ayaba wanda ke kiran 'yan uwanta. Ki wanke da ruwa da sabulu, ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora kamar minti 10, in a hannu ne ki zare zobe da awarwaro tun kumburi bai riƙe su ba. Panadol don zafi, Piriton don ƙaiƙayi, shi ke nan. Wata hannun zai yi suntum har kwana biyu yana ƙaruwa, ya yi mako bai gama sacewa ba. Abin ba kyan gani, amma muddin kumburin a gefen harbin ya tsaya, yawanci ba shi ne mai kisa ba.

Mai kisan shi ne wanda ya bar wurin harbin ya bi jiki. An harbi yarinya a ƙafa, cikin 'yan mintuna sai ga ta tana sosa tafin hannu da kai, jiki ya yi rudu-rudu irin na borin jini, leɓe da fatar ido sun kumbura, murya ta dishe, tana cewa wani abu ya tokare mata maƙogwaro. Numfashi na fita da ƙyar, ga amai ko murɗawar ciki, ga jiri, sai ta yanke jiki ta faɗi. Likitoci na kiran wannan anafilaksis, sunan da wasu masana biyu 'yan Faransa, Richet da Portier, suka raɗa masa a 1902. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jikin ce ta firgita da dafin fiye da kima, hanyar iska ta matse, jijiyoyin jini suka saki har jinin ya kasa kaiwa ƙwaƙwalwa. Kada ku tsaya jiran ganin ja a fata, mu da Allah Ya yi baƙaƙe jan ba ya fitowa sosai, wata ma ko ƙurji ɗaya ba za ta yi ba sai dai faɗuwar. Mai asma kuwa abin ya fi tsananta a kanta.

A nan ne nake da magana da mu mata. A littattafan soyayya jaruma in ta suma yayyafa mata ruwa ake yi, ta buɗe ido a hankali ta kira sunan masoyinta. Wallahi wannan suman ba irinsa ba ne. Haka nan in ɗaliba ta faɗi a makaranta, kafin ka ce kwabo an ce iskokinta ne suka tashi, a zagaye ta ana danne ta. Wata uwar kuma ta ɗauko manja, wata nono, wata ta jiƙa toka, duk a ɗura wa wadda maƙogwaronta ke rufewa. Don Allah kada a ba ta komai ta baki. Addu'a kam a yi ta, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Maganin farko guda ɗaya ne, allurar adirenalin a tsokar cinya ta gefen waje. Piriton ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi, ƙaiƙayi kawai yake ragewa. Akwai allurar da aka yi ta kamar biro don mutum ya yi wa kansa, irin su EpiPen, ta manya miligiram 0.3, ta ƙananan yara 0.15, ana iya danna ta ko ta saman zane. A 2024 ma Amurka ta amince da wadda ake fesawa a hanci. Sai dai a nan wajenmu samun irin waɗannan akwai wuya ga tsada, abin da aka fi samu shi ne ta 'yar kwalba a asibiti, wadda ma'aikacin lafiya ne zai auna ya yi. In an yi ta minti 5 ba sauƙi, ana ƙara ta biyu.

Kafin a isa, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta sama. In numfashi ne ya fi damunta a bar ta ta zauna a jingine, ƙafafu a miƙe. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu, wadda ta suma tana numfashi a juya ta gefe saboda amai. Abin da ba a so shi ne a miƙar da ita tsaye, ko a ce "daure ki taka zuwa bakin titi". Miƙewar nan kaɗai ta isa ta tsayar da zuciya. A ciccibe ta a sa a mota ko adaidaita sahu. Ko ta warware bayan allura kada a juyo gida sai likita ya sallama, don abin kan dawo bayan wasu awoyi.

Matan aure, ku yi wannan zancen da maigida tun lafiya lau, ya ba ki izini a buɗe cewa in irin haka ta taso ki fita da yaro ba sai an same shi a waya ba. Ban ga mijin da zai ƙi ba in an yi masa bayani.

Ke kuma da kika taɓa yin irin wannan ko sau ɗaya, kunya ba taki ba ce. Ki ga likita, ki gaya wa ƙawarki ta kusa da nas ɗin makaranta, ki rubuta a 'yar takarda ki sa a jaka tare da lambar wayar gida. Iyaye ranar ziyara ku leƙa kilinik ɗin makarantar ku tambaya ko akwai adirenalin, ku tambayi ranar lalacewarta. Mai allurar biron ta ajiye ta inda ba rana, ba cikin firji ba, in ta ga ruwan ya canza kala ta sake wata. Akwai kuma allurar sabo da dafi da likitocin wannan fanni ke yi wa mutum kaɗan-kaɗan tsawon shekara 3 zuwa 5, sai a tambaya a manyan asibitocin koyarwa.

Saura biyu da su ma asibiti ne kai tsaye ko da mutum ba ya borin jini. Harbi a cikin baki ko maƙogwaro, wanda yawanci daga kwalbar lemo ko kofin zoɓo da aka bari a buɗe yake zuwa, sai ki riƙa leƙawa kafin ki kurɓa. Na biyu taron zuma in ya rufe mutum, musamman yaro, don yawan dafin na taɓa ƙoda, alamarsa fitsari ya koma baƙi-baƙi ko ya ragu. In suka biyo ki kada ki tsaya kore su da hannu, ki rufe fuska da hijabinki ki ruga cikin ɗaki ki turo ƙofa.

Sai wata fitowar in Allah Ya kai mu.