Hanyar zama ƙwararren akanta daga Bagudo: abin da ya kamata ku sani

A kasuwar Tsamiya ko ta Lolo, duk yaron da ya iya riƙe wa Alhaji littafi, ya rubuta buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, ya juya sefa zuwa naira a ka ba tare da ya taɓa waya ba, sunansa akanta. Babu laifi a wannan suna, domin aikin da yake yi shi ne tushen sana'ar. Sai dai ranar da banki ya ce wa Alhaji ya kawo lissafin kamfaninsa na shekara wanda mai binciken kuɗi ya sa wa hannu, ko hukumar haraji ta nemi takardu, sa hannun yaron nan ba zai karɓu ba, komai iyawarsa. Doka tana da nata akanta, kuma sharuɗɗan da ta gindaya masa kashi uku ne: karatun makaranta, jarrabawar ƙwararru, da shekarun aiki a ƙarƙashin wanda ya riga shi. Iyaye da yawa sun san na farko kawai. Suna ganin da zarar yaro ya kawo digiri a fannin akanta magana ta ƙare, alhali a lokacin ne ya iso bakin kogi, bai shiga jirgin fito ba tukuna.

A Najeriya ƙofofin shiga wannan sana'a biyu ne. Ta farko ita ce ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci da dokar majalisa mai lamba 15 ta kafa a 1965, wadda Akintola Williams ya zama shugabanta na farko. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan shaida, a Ingila, a 1949. Ta biyu ita ce ANAN, wadda aka kafa a 1979, ta samu amincewar doka a 1993. Wanda ya fito ta ICAN yana rubuta ACA bayan sunansa, wanda ya fito ta ANAN yana rubuta CNA. An daɗe ana gardama a kan wadda ta fi daraja, kuma gardamar ba za ta amfani ɗan Kaoje da komai ba. Doka ta san su duka biyu. Abin da ya kamata ya duba shi ne wace hanya ce ta dace da takardun da ke hannunsa, da aljihunsa, da irin wurin da yake son yin aiki.

ICAN hanyar jarrabawa ce. Ba ta ce sai ka bar aikinka ka koma aji ba, ta ce ka yi rajista, ka yi karatunka inda kake, ka zo ka zauna jarrabawa hawa uku: matakin tushe, matakin ƙwarewa, sannan matakin ƙarshe na ƙwararru, inda ake gwada mutum a kan rahoton kuɗin manyan kamfanoni, binciken kuɗi, haraji, da wata takarda da ake ba ka labarin kamfani mai matsala a ce ka ba da shawara. Mai digiri ko babbar difloma yana iya yin rajista ko da ba akanta ya karanta ba. Wanda ya karanta tattalin arziki ko lissafi yana da hanya. Wanda ya karanta akanta a sashen da cibiyar ta tantance ana yafe masa wasu darussa, kuma yawan abin da za a yafe ya danganta da matsayin sashen. Saboda haka ɗalibin da zai nemi gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ya yi wa sashen tambaya tun kafin ya biya kuɗin makaranta: ICAN ta tantance ku, kuma tantancewar tana nan da ranta? Wannan tambaya guda tana iya rage masa shekara ɗaya ta wahala da kuɗin jarrabawa masu yawa.

ANAN kuwa hanyar makaranta ce. Tana karɓar mai digiri ko babbar difloma a fannin akanta, ta tura shi kwalejinta da ke Kwall, kusa da Jos, ya yi zangon karatu ya ci jarrabawa, sannan ya yi shekara biyu yana aiki a matsayin akanta mai neman ƙwarewa kafin a rantsar da shi. Ma'aikatan gwamnati da dama a Arewa sun bi ta nan, musamman waɗanda suka samu izinin tafiya ƙaro karatu. Ga mai iyali da gona a Illo, tafiyar Jos da zaman can ba ƙaramin lissafi ba ne, kuma gara ya yi shi da idonsa a buɗe.

Akwai wata ƙaramar ƙofa da ba a cika faɗa wa 'yan sakandare ba, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da yawancin yaranmu. Sunanta ATSWA, tsarin horar da mataimakan akantoci na Afirka ta Yamma, wanda ICAN ke gudanarwa a Najeriya a ƙarƙashin ƙungiyar cibiyoyin akantoci ta yankin, ABWA. Ba ya buƙatar digiri. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi, sun isa. Kashi uku ne, kowane kashi darasi huɗu, ana zama a watan Maris da Satumba. Wanda ya gama yana samun shaidar AAT, kuma da ita zai shiga jarrabawar ICAN a yafe masa matakin farko. Yarinyar da ta gama sakandare a Zagga, JAMB ba ta yi mata daɗi ba, ko gida ba a shirya barinta ta tafi jami'a ba tukuna, tana iya fara wannan daga ɗakinta, ta fita kwanakin jarrabawa kawai. Ɗalibin jami'a ma yana iya haɗa shi da karatunsa, ya fito da takardu biyu. Kiredit ɗin lissafi da Turanci dai ba a ɗaga ƙafa a kansu, wanda ya rasa su ya koma ya gyara tun yanzu.

Mu zo ga maganar ƙetare, domin daga Bagudo, Segbana ta ƙasar Benin ta fi Birnin Kebbi kusa ga wasu ƙauyuka, kuma an sha yi wa matasa tallar digirin Benin mai sauri da sauƙi. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya wallafa a jaridar Daily Nigerian yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya yi amfani da takardar ya shiga hidimar ƙasa. A farkon Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agustan wannan shekara ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce 'yan Najeriya sama da 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i biyar kacal gwamnati ta amince da su a Benin, cikinsu har da ta Abomey-Calavi da ta Parakou. Abin takaicin shi ne har waɗanda suka zauna suka yi karatu na gaskiya a makarantun da ba a amince da su ba, guguwar ta haɗa da su. Ga mai son zama akanta hatsarin ninki biyu ne, domin digirin shi ne harsashin da rajista da yafiyar darussa suke zaune a kai. In aka gano harsashin na bogi ne bayan shekara goma, duk abin da aka ɗora zai rufta, a sana'ar da jarinta gaba ɗaya amana ce.

Wannan ba ya nufin babu abin koyo a ƙetaren. Akwai, kuma mai daraja. Benin da Nijar suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar daidaita dokokin kasuwanci da aka sa wa hannu a 1993, kuma kamfanoninsu suna rubuta lissafi da tsarin SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a Janairun 2018. A wannan tsari kowane irin asusu yana da lambarsa da doka ta tsara, kowa ita yake bi. Najeriya kuwa ta koma ƙa'idojin duniya na IFRS tun 2012. Ɗan kasuwar da ke da shago a Kamba da sito a Malanville ta Benin yana rayuwa ne a tsakanin tsari biyu, harshe biyu, da kuɗi biyu, ɗaya a ɗaure da yuro a kan sefa 655.957, ɗaya yana hawa da sauka. Akantan da ya iya karanta takardun ɓangarorin biyu ba shi da yawa, kuma ɗan kan iyaka da ya taso yana jin Dendi da Hausa da ɗan Faransanci ya riga ɗan Legas nisa a wannan fage. Amma a sani: shaidar ICAN ba ta ba mutum damar buɗe ofis a Kandi ta Benin ya riƙa sa hannu kai tsaye. Can ma suna da ƙungiyarsu, OECCA, kuma babbar shaidar yankin sefa, DECOFI, ba a samunta sai an yi shekara uku ana koyon aiki bayan jarrabawa.

Ku lura da wannan shekara uku, domin ba a Benin kaɗai take ba. ACCA, ƙungiyar akantoci ta Ingila, wadda 'yan Najeriya da yawa ke zama jarrabawarta, ba ta karɓar mutum cikakken mamba sai ya nuna watanni 36 na aiki, wanda wani ƙwararre ya duba ya sa hannu. ICAN ma ba ta ba da lasisin buɗe ofishin binciken kuɗi sai mutum ya cika watanni 36 yana aiki a ƙarƙashin masu lasisi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda ake yaye yaron makaniki ko na tela. Littafi zai koya maka yadda ake daidaita shafin shiga da na fita. Ba zai koya maka yadda za ka tsaya a sito ka ƙirga buhunan da takarda ta ce ɗari biyar ne ka tarar da ɗari huɗu da sittin ba, ko abin da za ka faɗa wa mai gidan da ya girme wa mahaifinka idan ya ce ka gyara lambar kawai, ai tsakaninmu ne. Wannan sai ka ga yadda wani ya yi a gabanka, sau da yawa.

A nan ne ɗan Bagudo ya fi shan wuya, fiye da wurin jarrabawa. Manyan ofisoshin binciken kuɗi suna Legas, Abuja, Kaduna da Kano. Mutum zai iya cin duk takardunsa yana zaune a gida, amma neman ubangidan da sa hannunsa ke ƙirguwa yakan tilasta masa tafiya, da albashin da a farko da ƙyar yake biyan haya. Ba kowane aiki ake ƙirgawa ba, kuma ba don kowace manufa ba. Aiki a baitulmalin ƙaramar hukuma, ko banki, ko kamfanin casar shinkafa, gogewa ce ta gaske, amma mai son lasisin binciken kuɗi dole ya zauna a ofishin masu binciken kuɗi. Shawarata ga mai shirin hidimar ƙasa ita ce ya yi ƙoƙari a tura shi inda akwai mamban ICAN ko ANAN a kansa, ya tambayi cibiyar a rubuce ko za a ƙirga masa wannan shekara, kuma ya buɗe littafi tun ranar farko: ranar da ya fara, aikin da aka ba shi, wanda ya duba. Takardar kama aiki da ta barin aiki ya adana su kamar takardar gona. Na ga mutanen da suka yi aikin shekaru da gaskiya, ranar da aka nemi shaida mai gidan ya rasu ko kamfanin ya rufe, babu ko layi ɗaya a rubuce.

Bayan rantsuwa ma akwai saura. Wanda zai sa hannu a rahoton kuɗin da doka ta tanada sai ya yi rajista da Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi, FRC, wadda dokar 2011 ta kafa, a ba shi lambar da zai riƙa rubutawa a ƙarƙashin sunansa. Akwai kuɗin mamba na shekara-shekara, da horon sabunta ilimi na dole. Wanda aka kama da cin amana, kotun ladabtarwa ta cibiyar tana iya soke sunansa.

Mai tambaya zai ce, duk wannan wahala, aikin yana ina a ƙasar da noma da kiwo da fito suka fi yawa? Yana nan, kuma yana ƙaruwa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma 21 daga cikinsu a Kebbi suke, kowace da ma'aji da mai binciken kuɗi na cikin gida da take buƙata. Sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun ƙara wa takarda nauyi a kan baki. Ƙungiyoyin manoman shinkafa na fadamar kogin Kwara da ke neman rance, banki littafi yake tambayarsu kafin ya tambayi girman gona. Waɗanda suka ga abin da rufe iyakoki na Agustan 2019 ya yi wa 'yan kasuwa sun san cewa wanda bai san bashinsa da kayansa a rubuce ba shi ya fara durƙushewa. Yau in ɗan kasuwar Bagudo yana buƙatar sa hannun mai lasisi, yawanci sai ya ɗauki takardunsa ya nufi babban birni. Rajistar ATSWA ta zangon Maris ana rufe ta ne makonni kafin ranar zama, saboda haka mai niyya ya fara da ɗauko sakamakonsa na sakandare ya duba lissafi da Turanci.