Balbela Ta Zama Babbar Baƙuwa a Ingila

'Yan'uwana mata, in ɗayanku ta fita bayan gari ta ga balbela tana bin shanu, na san ko ɗaga kai ba za ta yi ba. To, ku ji labarin ƙasar da aka yi ta murna don balbela ta yi sheƙa.

A Ingila akwai mutane, maza da mata, har da 'yan makaranta, waɗanda abin sha'awarsu shi ne kallon tsuntsaye. Kayan aikinsu tabarau mai kawo nesa kusa da ɗan littafin rubutu. Lokacin zafinsu, watau daga Yuni zuwa Agusta sa'ad da mu muke cikin damina, sukan bi gaɓar teku da fadamu suna dubawa. In wani ya hangi tsuntsun da ba a saba gani ba, nan da nan sai labari ya bazu ta waya, kafin gari ya waye mutane sun taso daga garuruwa masu nisa. Wani ma sai ya iso ya tarar tsuntsun ya tashi, ya koma gida da kuɗin motarsa a banza.

Cikin 2008 aka ga balbela ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe a lardin Somerset. Ba a taɓa rubuta haka a ƙasar ba sai a shekaran nan. Yanzu ta fara yawa a kudancin Ingila, amma a sa'an nan har jaridu sun buga labarinta. Balbelar tamu dai, wadda yara ke kora da tsakuwa!

Akwai kuma wani kyakkyawan tsuntsu mai cin ƙudan zuma, wuyansa rawaya, ƙirjinsa shuɗi, bayansa ja-ja. A Afirka yake cin sanyi, sa'an nan ya haura kudancin Turai ya yi ƙwai cikin ramin da yake haƙawa a gangaren yashi. Ingila ta yi masa sanyi, saboda haka ba safai yake zama can ba. Ya yi sheƙa a Sussex cikin 1955, daga nan shiru sai 2002 a Durham. Amma ku duba abin da ya biyo baya: 2014 a tsibirin Wight, 2017 a Nottinghamshire, 2022 a wani wurin haƙar yashi kusa da ƙauyen Trimingham a Norfolk. Can aka sa masu gadi dare da rana don kada ɓarayin ƙwai su taɓa ramin, dubban mutane kuwa suka zo kallo daga nesa.

Masana sun ce yawan zuwansa alama ce ta cewa ƙasarsu tana ƙara ɗumi. Yaya aka yi suka gane? Don wani ya zauna cikin 1955 ya rubuta rana da wuri. Da ba a rubuta ba, da sai dai gardama, wannan ya ce da ma yana zuwa, wancan ya ce ƙarya ne.

Nan ne abin ya taɓa ni. Ku tambayi kakanninku, za su gaya muku da ba mahautar da ba ungulu, ba kasuwar da ba ta sauka. Yaushe rabonku da ganinta? Cikin 2015 masu kula da halittu na duniya suka sa irin ungulun nan tamu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Guba tana kashe ta, ana kuma kama ta a sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu. Mun raina ta don ƙazanta, alhali ita ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya tara ƙuda, ƙudan kuwa gidajenmu yake shigowa ya sauka kan tuwon yara. Ta ragu a gaban idonmu, ba wadda a cikinmu za ta iya faɗin shekarar da ta daina ganinta.

Ran nan na ce wa 'yan ajina su faɗi sunayen tsuntsayen da suka sani. Suka kawo kurciya, hasbiya, hankaka, shirwa, zalɓe, cilakowa, carki, har allo ya kusa cika. Da na tambayi wadda ta taɓa ganin gauraka da idonta, sai aji ya yi tsit. Ni ma da nake malamarsu a hoto kaɗai na san ta.

Ga abin da nake roƙo. Ku sami littafin rubutu guda, ko ragowar na yaro ne. Ku ja layi gida huɗu: rana, wuri, sunan tsuntsu, da yawansa. In ba ku san sunan ba, ku rubuta launinsa da girmansa da irin bakinsa, kāna ku tambayi tsofaffi ko makiyaya. Matar da ba ta fita ma tana iya yi, gama bishiyar tsakar gida da bakin rijiya ba su rasa baƙi. Ku fara da shamuwa, tunda kowa ya san ta. Daga kudancin Afirka take tasowa, ta iso mu gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa kan bishiyoyin gari, ta koma da kaka. Ku rubuta ranar da kuka fara ganinta, da yawan sheƙunan da ke unguwarku, da ranar da ta tafi. In kun ga yaro ya nufi bishiyarta da danƙo, ku karɓe.

Wadda ta rubuta ta aiko mini ta hannun Edita, tare da sunan garinta. In Allah ya kai mu ƙarshen damina zan jera su a wannan shafi, mu ga garin da shamuwa ta fara sauka.