Ina Aikin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya Ya Tsaya?

Sau da yawa idan mutum ya je asibitin ƙauyensu ya tarar babu magani, ko ma'aikaci bai fito ba, sai ka ji ya ɗora laifin a kan ministan lafiya da ke Abuja. Alhali kuwa ba nan gizo ke saƙar ba. A Nijeriya an kasa harkar lafiya kashi uku ne. Ƙananan hukumomi, tare da jihohinsu, su ke da asibitocin sha-ka-tafi. Manyan asibitocin gari na jihohi ne. Ita kuwa gwamnatin tarayya ta riƙe yawancin asibitocin koyarwa, irin na Ibadan da na Shika, da kuma cibiyoyin lafiya na tarayya.

A shekarar 2023 ne aka faɗaɗa sunan ma'aikatar ya koma Ma'aikatar Lafiya da Walwalar Jama'a, aka naɗa Farfesa Muhammad Ali Pate ya jagorance ta. Babban aikinta shi ne tsara manufofi da sa ido, kuma yawancinsa ta hannun hukumominta take yi. Duk wanda ya taɓa juya kwalin magani yana neman lambar NAFDAC, to ya ci moriyar wannan aiki ko da bai sani ba. An kafa hukumar a 1993, sai dai ba ta yi tashe ba sai zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta yaƙi masu jabun magani daga 2001 zuwa 2008.

Inda amfanin ma'aikatar ya fi fitowa fili shi ne lokacin annoba, domin cuta ba ta san iyakar jiha ba. A watan Yuli na 2014 wani matafiyi ya shigo Legas daga Laberiya da cutar Ebola. Ma'aikatar ta haɗa kai da jihohin Legas da Ribas, aka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da masu cutar, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Nijeriya ranar 20 ga Oktoba na shekarar. Shan inna kuwa ya fi ba da wahala. A 2003 wasu jihohin Arewa sun dakatar da rigakafi saboda zargi, sai da aka jawo sarakuna da malamai a jika kafin jama'a su sake yarda. A 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

To, amma mai ƙorafin nan na ƙauye bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ƙananan asibitoci, kuma ta hannun hukumomin ma'aikatar kuɗin ke bi kafin su isa jihohi. Saboda haka idan sha-ka-tafi ta wayi gari ba ko farasitamol, akwai tambayar da ta dace da shugaban ƙaramar hukuma da gwamna, akwai kuma wadda Abuja ce za ta amsa.