Wakafi ne zai riƙe ganuwar Zazzau

Ginin ƙasa a hankali yake mutuwa. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta ruɓe, sai wata damina a wayi gari bango ya kwanta. Duk wanda ya zaga birnin Zariya daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana, Gayan da Kona, ya san ganuwar ta koma tudun ƙasa a wurare da yawa, wani gefen an kafa gida a kanta, wani gefen an ɗebe ƙasar an buga tubali. Ganuwar tana cikin kayan tarihin da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ke kula da su, amma suna a takarda ba ya yin yaɓe. Abin da irin wannan gini ke so shi ne kuɗi kaɗan da ba ya yankewa, a biya magina kowace shekara su yi yaɓe, su shafa makuba kafin ruwa ya sauka. Kuɗin gwamnati kuwa da yawa yake zuwa in ya zo, sannan ya yi shekaru bai leƙo ba. Shi ya sa nake ganin wakafi ne ya dace: a tsare asalin dukiya, a riƙa kashe abin da take haifarwa.

Ba baƙon abu ba ne a gare mu. Sayyidina Umar ya yi wakafin gonarsa ta Khaibar, kuma da wakafi Azhar ta Alƙahira ta rayu ɗaruruwan shekaru. Ko a wajen ƙasashen Musulmi, al'umma kan riƙe kayan tarihinta da kanta: a garin New Glarus na jihar Wisconsin a Amurka, wanda baƙi daga Suwizalan suka kafa a 1845, ƙungiyar tarihi ta mutanen garin ce ke riƙe da wani fili da aka tara gine-gine irin na kakanninsu, alhali garin bai kai mutum 3,000 ba. Zariya ba ta ma buƙatar tara komai, domin kayan na nan inda aka gina su. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, har yau masana gine-gine na nazarin bakunansa, ko da yake sai da aka lulluɓe shi da ginin zamani sannan abin da ya rage ya tsira.

Za a ce ana fama da yunwa, wa ke ta bango? Tambaya ce mai nauyi, sai dai kuɗin yaɓe ba ya barin gari. Magini ne zai karɓa, da mai jaki mai kawo ƙasa, da yaron da ke koyon sana'ar da siminti ya kusa kashewa. Za a kuma ce darajar naira na zubewa, kamar yadda kowa ya gani tun 2023, don haka miliyan da aka ajiye yau ba za ta sayi azara ba nan da shekara goma. Gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata wakafin ya zama tsabar kuɗi a banki ba. Shaguna a Sabon Gari ko ɗakunan haya na ɗalibai a Samaru, hayarsu tana tashi tare da farashin kaya.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na amana, don mutane sun gaji da gidauniyar da ake kafawa da kiɗa a rufe ba labari. Maganinsa sharaɗi ne tun daga takardar wakafin: kada a sayar da asalin dukiya, kada hannu ɗaya ya riƙe ta. A haɗa wakilin fadar Zazzau, da Sarkin Magina, da masana daga sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, da masu unguwannin da ganuwar ta ratsa. Kowace shekara a karanta lissafi a bainar jama'a, a faɗi hayar da ta shigo da tsawon bangon da aka yaɓe. A fara da ƙofa ɗaya, wadda mutanen unguwarta za su iya zuwa su auna aikin da idonsu bayan damina.