Kula da Wayoyin Gwajin Rediyo: Ƙaramin Aiki Mai Kare Babbar Dukiya

JOS: A farkon shekarun 1900, lokacin da masu neman ma'adinai na kamfanin Niger Company suka kafa sansani a Naraguta, kuza ce ta kawo su. Har yau wannan ƙarfe na da muhimmanci a sana'ar rediyo, domin dalmar da ake liƙa wayoyi da ita, a tsohon haɗinta, kashi 60 cikin 100 kuza ce. Yanzu Naraguta ta fi shahara da mazaunin dindindin na Jami'ar Jos, birnin kuma ya daɗe da zama cibiyar watsa shirye-shirye. Gidan talabijin na tsohuwar Jihar Binuwai-Filato ne ya fara nuna hoto mai launi a Najeriya a 1975, Kwalejin Talabijin ta NTA tana Rayfield, kuma tun daga 2001 da aka soma wayar salula ta GSM, turakun sadarwa suka yawaita a kan duwatsun yankin.

Dukkan waɗannan wurare sun dogara da awo. Kafin injiniya ya ce na'urar watsa shirye-shirye ko eriya tana da lafiya, sai ya haɗa ta da na'urar gwaji ta hanyar wata gajeruwar waya mai mahaɗi a kowane baki. Idan wayar na da aibi, awon ba zai faɗi gaskiya ba, sai a canja kayan da ba su lalace ba, a bar wanda ya lalace. Tunda daga waje ake shigo da waɗannan na'urori da kuɗin musaya, asarar takan ninka kuɗin wayar sau da yawa.

Wayar gwaji ta bambanta da wayar lantarki ta gida. Tana da zaren tagulla a tsakiya, sai farar roba da ta kewaye shi, sai saƙar ƙarfe, sannan rigar waje. Tazarar da ke tsakanin zaren tsakiya da saƙar ce, tare da irin robar, ke ba wayar ma'auninta: om 50 a yawancin kayan rediyo da na gwaji, om 75 a wayoyin talabijin. Duk inda aka taka wayar ko aka lanƙwasa ta da ƙarfi, tazarar ta canja, kuma daga nan wani ɓangare na ƙarfin saƙon zai riƙa komawa baya. Idan ma'aunin komawar ya nuna 1.5, kashi 4 cikin 100 na ƙarfin ne ya dawo; idan ya kai 2, kimanin kashi 11 ne. Haka kuma asarar desibel 3 na nufin rabin ƙarfin ya salwanta a hanya. Saboda haka masu sana'ar ke bin ƙa'idar cewa kada a lanƙwasa waya ta matse fiye da ninki goma na kaurinta, kada kuma a ja ta daga wuyan mahaɗi.

Mahaɗan da aka fi gani su ne nau'in N, wanda Paul Neill na ɗakunan binciken Bell a Amurka ya ƙera a shekarun 1940, da BNC mai ɗaurin murɗawa kaɗan, da kuma ƙaramin SMA da ke aiki har zuwa gigahaz 18. Ƙa'idar ƙera SMA ta tanadi kimanin haɗawa da cirewa sau 500 ne, adadin da ɗakin gwaji mai yawan aiki zai cika cikin ƴan watanni. Dalili ke nan da ake ɗaura wani ɗan mahaɗi mai araha a bakin na'ura a bar shi a can, domin shi ya sha gogayya, in ya gaji a sake wani.

Dubawa kafin haɗawa ita ce matakin farko. Ana amfani da gilashin ƙara girma a wuri mai haske, a duba ko tsinken tsakiya ya karkace, ko yatsun da ke karɓarsa sun buɗe, ko ruwan zinariyar da aka shafa ya goge, ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a zaren noti. Akwai kuma ma'aunin zurfin tsinke, domin tsinken da ya fito fiye da kima yakan fasa abokin haɗinsa. Haɗarin da ke nan shi ne mahaɗi guda mai aibi na lalata duk wanda aka ɗaura masa, har da bakin na'urar mai tsada. Bugu da ƙari, nau'in N na om 50 da na om 75 sun yi kama sosai, amma tsinken na om 50 ya fi kauri, kuma tura shi cikin na om 75 na ɓata shi har abada.

Yanayin Filato na ƙara wa aikin nauyi. Jos na bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, kuma ƙwayar yashi ɗaya tsakanin fuskokin ƙarfe biyu ta isa ta karce su idan aka ɗaure. Busasshiyar iskar lokacin na sa lantarki ya taru a jikin mutum da cikin doguwar waya, don haka ake fara taɓa tsinken tsakiya da ƙarfen waje a sauke shi kafin a haɗa da na'ura. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuwa damina ce, kuma danshin da ya shiga saƙar waya na haifar da tsatsa da ƙarin asara. Murfin roba a kowane baki bayan aiki na maganin matsalolin biyu.

Wajen tsaftacewa, ana fara hure ƙura da busasshiyar iska mai tsabta, ba da baki ba, saboda danshin numfashi. Daga nan a ɗan jiƙa abin gogewa marar zubar da gashi da sinadarin aisofurofil, a goge zaren noti da fuskar haɗi, a bari ya bushe sarai. Ba a amfani da fetur, ko kananzir, ko samfefa.

Dangane da ɗauri, noti kaɗai ake juyawa, jikin mahaɗin na tsaye, domin juya jikin na goge tsinke. A fara da yatsu, a ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi, kimanin fam-inci 8 ga mahaɗin milimita 3.5, da 12 ga nau'in N na awo. Filaya ba ta da gurbi a wannan aiki.

Har ila yau, ya dace kowace waya ta samu lamba da shafi a littafi, inda za a rubuta asararta ranar da aka saye ta. Lokaci-lokaci a sake aunawa, ana ɗan motsa ta a hankali. Idan awon na rawa, wayar ta gaji, sai a yi mata alama a fitar da ita daga cikin na aiki. Ga gidan rediyo, ko kamfanin waya, ko ɗakin koyar da ɗalibai a Naraguta, kuɗin murfi da sifana da kwalbar sinadari ƙalilan ne idan aka kwatanta da tura na'urar gwaji ƙasar waje gyara, da watannin da aiki zai tsaya ana jiran dawowarta.